Awa Bakwai da Minti Arba'in a Kan Ƙafar Ludvik

Talata, 7 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Awa biyar aka ce mana. Awa bakwai da minti arba'in aka yi.

Na rubuta shi da kalmomi don kada gobe wani mai farar riga ya ce na ruɗe. Sun shiga da Ludvik ƙarfe bakwai da rabi na safe, sun fito da shi uku da minti goma na yamma. Ba labari aka ba ni ba. Ina zaune ina fuskantar agogon ɗakin jira tun daga farko har ƙarshe.

Shekara talatin da ɗaya mijina ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa a gabashin Cleveland, cikin dusar ƙanƙara da karnukan mutane, ƙafar nan ba ta taɓa kai ƙara ba. Sai da ya ajiye aiki sannan ciwon suga da tabar da ya bari a makare suka haɗa baki, suka toshe hanyar jinin ƙafarsa ta hagu daga cinya har ƙasan gwiwa. Babban yatsan ya yi baƙi tun Kirsimeti. Aikin yau shi ne a yi wa jinin sabuwar hanya ta kewaye toshewar. In ta yi, ƙafa ta tsira. In ba ta yi ba, a yanke daga ƙasan gwiwa. Haka Dokta Nassif ta faɗa mana, ba kwana-kwana. Wannan kam na ba ta.

A ɗakin jira akwai allo, kowane majiyyaci da lambarsa. Kore na nufin ana kansa, shuɗi an fito. Mutanen da muka zo tare duk lambobinsu suka yi shuɗi, suka kwashi rigunansu suka tafi. Waɗanda suka zo bayanmu ma haka. Tamu, 4417, ta tsaya kore kamar da fenti aka shafa ta.

Albina, yayar Ludvik, ta zo da carbi a hannu ɗaya da ƙunshin potica a ɗayan. Burodi mai zuma, cikin azumin kafin Ista, a asibiti.

"Bernadine, ki zauna don Allah, kina sa ni jiri."

"Ki rufe ido mana, ai addu'a kike."

Da likitar ta fito, alamar hula kwance a goshinta, ta ce jini na gudu. Na ce me ya ɗauke ta awa bakwai da minti arba'in? Ta yi min wani irin kallo, ta ce, "Misis Hocevar, ki je ki ci abinci."

Akwai waya a bangon ɗakin, mai ruwan toka. Ba ni da abin cewa a kanta.

Laraba, 8 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Hannayensa biyu a naɗe daga wuyan hannu har hammata, domin a can aka ciro jijiyoyin da aka yi sabuwar hanyar da su. Na ƙafa babu: ɗaya ta tafi gyaran zuciyarsa shekara shida da suka wuce, ɗayar kuma duk ta kumbura ta murɗe. Mutum ya shiga da ciwo a ƙafa ɗaya, ya fito an yanka shi wuri huɗu.

Ya buɗe ido ya ce, "Farfesa, an bar min hannun sosa hanci?"

Haka yake kirana. Na sosa masa.

Nas ɗinsa LaVerne ce, doguwa, ba ta da lokacin shirme. Shi har ya raɗa mata Sajan. Tana da 'yar na'ura da take ɗorawa a bayan ƙafarsa, sai a ji jini: shuu, shuu, shuu. Inda ta ji shi ta zana ɗan gicciye da baƙin alƙalami, don wadda za ta karɓe ta kada ta sha wahalar nema.

"Ka ji, Mista Ludvik? Wannan ita ce ƙafarka ke gaishe ka."

"Kiɗan polka ne, Sajan. Sai dai mai gangar ya sha ya bugu."

Tun yana ɗan sha huɗu yake kaɗa akwatin kiɗansa mai maɓallai a zauren 'yan Sloveniya, yana ja yana matsewa, ƙafar hagu na buga ƙasa. Wannan ƙafar sauran makaɗan ke bi, ba mai ganga ba, kowa ya sani. Ya tambayi LaVerne ko zai kai ga rawar Litinin ɗin Ista. Ta ce ya fara kai kansa banɗaki tukuna.

Jumma'a, 10 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Albina ta kawo soyayyen kifi daga zaure, da kati mai sa hannun mutum arba'in. Duk suna yi mana addu'a. Ba addu'a nake so ba, bayani nake so.

Lahadi, 12 ga Maris, da hantsi

Zazzaɓi.

Talata, 14 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ɗinkin gindin cinyar ya buɗe. Tun daga ƙofa na ji warin, kafin kowa ya gaya min. Wani ƙaramin likita, wanda na tabbata na girmi takalman uwarsa, ya ɗaga bandeji ya leƙa ya ce, "Hakan na faruwa."

Na ce, "Ga wa?"

Ya ce ga masu suga, ga masu jiki, ga waɗanda suka sha taba.

Na ce, "Da waɗanda aka bari a buɗe awa bakwai da minti arba'in?"

Ya duba takardarsa kamar amsar na can. Ya ce zai gaya wa Dokta Nassif ina da tambayoyi. Ya gaya mata. Tun watan jiya ta san ina da tambayoyi.

Ludvik ya ce, "Bernie, ki ƙyale ɗan mutane, ba shi ya yanka ni ba."

Ni kowa ke cewa in ƙyale. Ciwon kuwa ba wanda ya ce masa ya ƙyale.

Gicciyen na nan. Shuu, shuu.

Laraba, 15 ga Maris, lokacin hutun rana

Na koma aiki rabin yini. Shekara ashirin da shida ina teburin bincike a laburare. Na nemo wa mutane kakanninsu a jerin sunayen jiragen ruwa, na nemo wa wani dokar kiwon kaji a cikin gari, na taɓa nemo wa wata mata sunan guba, na kuma kira 'yan sanda. In abu a rubuce yake, ina samo shi.

Minti ashirin ya ɗauke ni. Wani bincike ne a kan dubban mutanen da aka yi wa irin aikin Ludvik. An kasa su gwargwadon daɗewar da suka yi a kan tebur. Waɗanda suka fi daɗewa su suka fi samun ciwon ɗinki, su suka fi kwana a asibiti. Masu binciken sun yi ta kare kansu, wai aiki mai wuya shi ke daɗewa, don haka ba lallai agogon ne mai laifi ba. Na san wannan. Ba sai an koya min bambancin abin da ya zo tare da abu da abin da ya jawo shi ba. Amma nama a buɗe nama a buɗe ne. Ko kaza ba na bari a kan tebur awa bakwai.

Na buga takardar na sa a koren fayil. Ta zama ta sha biyar. Sha huɗun farko a watan Fabrairu na karanta su, kowace da alamarta mai launi. Babu wadda ta yi maganar agogo.

Ko kuwa ni ce ban nemi agogo ba.

A'a. Babu.

Abin da nake zargi: ɗaki biyu take gudanarwa lokaci guda. Na karanta ana yin haka a wasu wurare. A yanka wannan, a bar shi da ɗalibi, a tsallaka a yanka wancan. In haka ta yi, zan sani. Kowane minti na tiyata a rubuce yake, kuma haƙƙinmu ne mu gani.

Jumma'a, 17 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Ofishin ajiyar takardu a can ƙarƙashin ƙasa yake, kusa da inda ake wanki. Sai da Ludvik ya sa hannu a takardar neman. Ya riƙe biro da kumburarrun yatsu ya ce, "Me za ki yi da shi?"

"Karantawa."

"Ai na sani. Bayan karantawar nake tambaya."

Sun ce kwanakin aiki biyar zuwa goma.

Na tare Dokta Nassif a bakin lif.

"Ɗaki nawa kike da shi ran Talatar?"

"Ɗaya."

"Wa ya yi ɗinkin?"

"Ni."

"Duka?"

"Duka, Misis Hocevar. Ko fitsari ban fita ba." Sai ta sassauta murya. "In kina so mu zauna mu yi maganar ranar, daga farko, ofishina a buɗe yake."

Na ce sai na ga takardu. Ba na zama da mutum ba takarda a hannuna.

Ba ta ko ji haushi ba. Wannan ne ya fi ƙona min rai.

Litinin, 20 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Sun maƙala masa wani inji da ke zuƙe ruwan ciwon ta siririn tiyo. Yana gurnani kamar tsohon firji. Ludvik ya rame, wuyan rigar asibitin ya yi masa yawa. Yau bai tsokani Sajan ba. Ita ce ma ta tsokane shi, ya yi murmushi don kada ta ji kunya.

Ni da Albina muka yi cacar baki a wurin cin abinci. Na ce in takardun suka zo zan kai ƙara hukumar asibiti, in ta kama har gaba.

Ta ajiye cokali. "Ƙarar wa?"

"Wadda ta riƙe ƙanenki a kan tebur yini guda."

"Uhm."

"Mene ne uhm?"

"Ba komai, Bernadine. Ni dai ina wurin."

"Kina wurin me?"

"Ina wurin. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ba biyu ba."

Matar da ba ta taɓa karanta abin da ya wuce takardar sanarwar coci ba. Shekara talatin da uku tana jiran ranar da za ta yi min uhm, ga ta ta samu.

Talata, 21 ga Maris, da safe

Ba laifi ba ne mutum ya iya karatu.

Alhamis, 23 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Dokta Nassif ta ja kujera ta zauna a gefen gadon. In likita ya zauna, ka shirya.

Ciwon ya nutsa. Ya kusa kai ga inda aka ɗinka sabuwar jijiyar da tsohuwar. In ya ci ɗinkin, jini zai ɓalle, dole ta ɗaure hanyar, ƙafar kuma ta tafi. Tana so ta koma ran Litinin ta wanke wurin, ta jawo tsoka daga cinyar ta rufe jijiyar da ita. Babban yatsa da na kusa da shi ba za su dawo ba, za ta cire su a lokacin.

Ludvik ya ce, "Awa nawa, Dokta?"

"Biyu."

"Irin naki, ko irin na agogo?"

Ta yi dariya. Shi ma ya yi, karon farko cikin kwana huɗu.

Na buɗe fayil, na buɗe baki. Ina da tambaya uku a kan tsokar nan. Ba ta juyo ba. Idonta na kansa ta ce, "Mista Hocevar, kai nake tambaya. Ka yarda?" Ya ce ya yarda. Ya sa hannu. Ni ina tsaye da fayil a ƙirji kamar 'yar makarantar da malama ta tsallake.

Wa take tsammani ke auna masa suga? Wa ya lura da yatsan tun yana shuɗi, lokacin da shi ke cewa takalmi ne?

Jumma'a, 24 ga Maris, ƙarfe biyu na rana, cikin mota

Takardun sun zo. Shafi goma sha ɗaya. Ban iya jira na kai gida ba.

Mai ba da maganin barci yana rubutu duk bayan minti biyar. Na bi da yatsa layi layi, sau biyu. Babu giɓi. Ba ta fita ba. Babu ɗaki na biyu, babu ɗalibi. Hannun hagu, awa ɗaya da rabi. Jijiyar ta yi siriri. Hannun dama, kusan awa biyu. Guntu uku, an haɗa su baki da baki. Ɗinki ɗaya ya yi yoyo, an sake. An ƙara jini leda biyu.

Shafi na huɗu, layi na tara. Ƙarfe 10:20. An tuntuɓi matar majiyyaci ta waya. A ci gaba.

To. Tunda wani ya riga ya rubuta, bari in rubuta nawa, ya fi nasa cika.

A watan Fabrairu Dokta Nassif ta ba mu zaɓi biyu. Ko ta sa masa bututun roba, aikin da ba zai kai awa uku ba, sai dai roba a ƙasan gwiwa ta fi saurin toshewa. Ko ta ciro jijiyoyin hannunsa ta haɗa, aiki mai tsawo, yanka mai yawa, amma ya fi ƙarko. Ludvik bai ko bari ta rufe baki ba. "A sa min tiyon, Dokta, a sallame ni. Hannuna na da aiki."

Na ce a ba mu mako guda. Na karanta takarda goma sha huɗu. Duka a kan abu ɗaya: wanne ya fi daɗewa bai toshe ba. Jijiya ta yi nasara, ni ma na yi. Na zaunar da shi a teburin kicin da fayil, dare uku bayan cin abinci, har ya ce, "Shi ke nan, Farfesa, kin ci." Ranar tiyatar, yana kan gadon turawa, ya ce wa likitar, "In wani abu ya taso ina barci, ki tambayi Farfesa. Ita ta yi karatun."

Ƙarfe goma da minti ashirin wayar bangon ta yi ƙara. Matar teburin ta ce, "Iyalan 4417." Muryar Dokta Nassif ce, daga nesa, wani ke riƙe mata wayar. Ta ce jijiyar ta fi yadda hoto ya nuna siriri. Hannu ɗaya ba zai isa ba, sai ta buɗe na biyu, guntu uku, ƙarin awa biyu ko uku, shi kuma mai suga ne, ba ta son ya daɗe a buɗe. Ta ce roba na nan a kan kanta, in ta sa, kafin sha biyu an gama. Ta ce duka biyun hanya ce, ita za ta iya kowacce. Ta ce, "Da safe ya raɗa min cewa shi roba ba ta dame shi ba."

Ni kuma na ce, da bakin nan nawa, a gaban Albina da mutum goma sha biyu masu shan kofi:

"Ke kin karanta takardun fanninki kuwa? Ki ci gaba."

Minti huɗu wayar ta ɗauka. Shi ma a rubuce yake.

Ba zan kai ƙara ba. Kuma har yanzu haushinta nake ji. Me ya sa ta kira? Ita ce da wuƙa, ita ce da shekara ashirin a ɗakin. Me ya sa za ta miƙa wa ma'aikaciyar laburare ƙafar mutum ta waya?

Litinin, 27 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Awa biyu da minti biyar. Irin na agogo.

Na juya wa wayar baya. Duk ƙarar da ta yi, ba ta nemi 4417 ba, lambar ma yau wata ce. Albina ta zo ta zauna kusa da ni, ba uhm, ba komai. Ta warware ƙunshi ta miƙo min yanka guda. Na ce azumi ne. Ta ce, "Ci. Na riga na gaya wa fadan coci, laifin nawa ne."

Na ci. Ta cika zuma, kamar kullum.

Yatsu biyu sun tafi. Ciwon bai kai ga ɗinkin ba, kaurin takarda ya rage, in ji likitar.

Laraba, 29 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na je ofishin nata. Ban ɗauki fayil ba, na bar shi a mota, sai na rasa inda zan sa hannuwana.

Na ce, "Da na ce roba fa?"

"Ban sani ba."

"Ke likita ce."

"Shi ya sa. Da roba ce, da an gama da wuri, wataƙila ciwon bai kama ba. Wataƙila kuma ya kama, domin gindin cinyar mai suga ba ya buƙatar awa bakwai kafin ya lalace. Da ya kama a kan roba, da tuni na cire ta, ƙafar kuma da wuya ta kai yau. Jijiya naman jikinsa ce, tana iya faɗa da cuta. Roba ba ta iyawa."

"Ke nan na yi daidai."

"Ban ce ba."

"Ke nan ni na jawo."

"Shi ma ban ce ba. Takardar da kika nuna wa ƙaramin likitana gaskiya ce, daɗewa na da farashi. Sha huɗun farko ma gaskiya ne. A kan mutum dubu suke magana. Mijinki guda ɗaya ne, ba a kuma yi masa aikin sau biyu don mu gwada."

Na ce me ya sa ta kira ni?

Ta ce, "Domin ya ce in kira. Da na ga hanya ɗaya ce kawai, da ban ɗaga waya ba. Kuma da kika ce a ci gaba, ni na ci gaba. Hannuna ne. Ki bar min rabona."

Na fito cike da haushi. Na je a yanke min hukunci, ko a ɗaure ni ko a sallame ni, an ce in koma gida ba shari'a. Shekara ashirin da shida ban taɓa ce wa mai tambaya "ban sani ba" na tsaya a nan ba. Kullum akwai wani littafin.

Alhamis, 30 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na gaya masa. Na jira LaVerne ta fita, na ja labule, na tsaya a ƙarshen gadon na faɗa duka, har da abin da na ce wa likitar, kalma kalma.

Yana kallon silin. Ya ɗaga yatsu yana lissafi.

"Ashirin da uku."

"Me?"

"Kwana ashirin da uku. Kin fi Dokta daɗewa a kan aiki, Farfesa."

"Ka sani?"

"Albina ta gaya min washegari."

Na ce to me ya hana shi magana? Ya bar ni ina hawa ina sauka, ina tare mutane a bakin lif, ya sa min hannu a takardar nema yana kallona?

"Ina so in ga ko za ki zo da kanki, ko sai an ba ki a rubuce."

Injin na ta gurnani.

Sai ya daina wasa. Ban saba ganin fuskar nan ba, sau uku ko huɗu na gan ta a aurenmu.

"Ƙafata ce, Bernie. Kin karanta komai a kanta, ba ki tambayi mai ita ba."

"Na tambaye ka. Dare uku."

"Jarrabawa kika yi min. Na faɗi." Sai ya ƙara da cewa, "Ni ma da nawa laifin. Na ce a tambaye ki ne don tsoro nake ji, na fi so in ya ɓaci ya zama ba ni na zaɓa ba. To ga shi ya ɓaci, ba ni na zaɓa ba, kuma ba daɗi."

Na ce ina so ne ta kai shi shekara goma. Ba biyu ba. Goma.

"Na sani. Je ki gida. Yau ba na son ganin mai gaskiya."

Na ɗauki jakata. Ina bakin ƙofa ya ce gobe in zo masa da safa mai kauri, ƙafar dama na jin sanyi.

Jumma'a, 31 ga Maris, da safe

Washegari. Mutum na cikin mayen allura, hannu biyu a naɗe, Albina ta sunkuya ta zuba masa a kunne. Sannan ta zo ta ba ni burodi.

Na kai safar.

Litinin, 3 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An yi masa wanka, gicciyen ya goge. LaVerne ta ɗora na'urar, shiru. Ta matsa gefe, shiru. Ta ƙara man, ta matsa sama. Sai ƙarar iska kawai.

Ban duba agogo ba. Ban san minti nawa ba ne, kuma ba zan nema ba.

Ludvik ya miƙo hannu bai dube ni ba. Na kama. Tabon ya taso daga wuyan hannun kamar igiya.

"Kada ka yi min haka, Mista Ludvik," in ji LaVerne, "yau ko kofi ban sha ba."

Can ƙasa, kusa da idon sawu: shuu. Shuu. Shuu.

"Ga ɗan banzan nan. Ɓuya ya yi."

Ta ciro alƙalamin. Na miƙa hannu, don na ga daidai wurin. Ludvik ya ce, "Ba ni alƙalamin, Sajan." Sai da aka ɗaga masa gadon, ya lanƙwasa yana nishi, ya zana abinsa. Ya karkace, kuma ya ɗan kauce wa wurin. Na gani.

An ɗauki hoto da rana, hanyar a buɗe take daga sama har ƙasa. Ciwon ya fara cikowa da jan nama. Jumma'a za a sallame shi, da injin a jaka.

Ƙafar ta tsira. Na rubuta, na karanta, har yanzu ban ji komai ba sai gajiya da haushi.

Asabar, 8 ga Afrilu, ƙarfe uku na yamma

Ni na kai kwandon Ista coci a sa masa albarka, tunda bana shi ba zai iya ba. Ƙwai, naman klobasa, potica ta Albina. Mata suka yanyame ni. Ɗaya ta ce ta ji an daɗe a tiyatar, me ya faru? Albina na gefena, ta buɗe baki.

Na riga ta. Na ce, "Ni na ce a daɗe."

Ba wadda ta gane. Albina ta gyara min ƙyallen kwandon, wai na rufe shi a karkace.

Koren fayil na cikin mota har yanzu, ƙarƙashin kujera. Ban jefar ba. Ba na jefar da takarda.

Litinin ɗin Ista, 10 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Tunda ba zai je zaure ba, zauren ya zo. Stanko mai ganga da sauran makaɗa biyun suka cika min falo da takalma masu laka, kafin su wuce wurin rawar. Suka ɗora masa akwatin a cinyar dama. Na ce likita ta ce kada ya sauke ƙafar ƙasa fiye da minti goma.

"Ni ta gaya wa, Farfesa. Ina wurin."

Ya sauke ta. Yatsun hannunsa sun yi nauyi, ya ɓata farkon sau biyu, Stanko ya ce da ma can haka yake kiɗa, asibiti ba ta rage komai ba. A na uku ya kama. Gaban ƙafar a naɗe yake, ba abin bugawa, sai ya koma bugawa da dunduniya. Su ukun suka sunkuyar da kai suna kallonta, suna bi.

Dunduniyar na makara. Kaɗan, kamar rabin bugu, kowane zagaye. Na ji tun a layin farko. Sun yi minti goma sha shida.

Ban ce komai ba. Na zo nan na rubuta.